Ma'ajin jirgi: aikin akanta ne?

Tambaya: Malam, na gama karatun akanta a nan Sakkwato. An ce mini jiragen ruwa da na sama suna da ma'aji mai riƙe lissafi. Mene ne aikinsa, kuma takardata za ta kai ni can? Daga wani matashi a Mabera.

Amsa: Ƙanena, muƙamin yana nan, sai dai na ruwa daban, na sama daban.

A jirgin ruwa aka faro shi. Jirgi kan yi watanni bai ga tudu ba, dole a sami mai riƙe kuɗi da abinci da lissafin haƙƙin ma'aikata. A rundunar ruwan Ingila ta da, ma'ajin kusan ɗan kasuwa ne: in kaya suka ɓata, a wuyansa suke. Don haka aka bar shi yana auna wa matuƙa abinci oza 14 a matsayin laba guda, maimakon 16, wai don cike abin da ya ruɓe ko ɓeraye suka ci. Tauye mudu ke nan da izinin hukuma, kuma yana cikin koke-koken da suka sa matuƙan suka yi bore a Spithead, wata matsayar jiragen ruwa a kudancin Ingila, a 1797. Yau a manyan jiragen fasinja, shi ke kula da asusun fasinjoji da takardun kwastan da na shige da fice. A yawancin jiragen dakon kaya kuwa, kyaftin da kwamfuta sun haɗiye aikin.

Na sama, lissafinsa kaɗan ne. Shi ne shugaban ma'aikatan cikin jirgi. In ka taɓa raka alhazai ko ka hau jirgi a filin Sultan Abubakar III, shi ne mai tsayawa bakin ƙofa riƙe da takardu. Yakan tabbatar adadin fasinjoji ya yi daidai da na takarda, ya ga an duba kayan agajin gaggawa, ya shaida wa kyaftin an shirya kafin a tashi. In ana ciniki a cikin jirgin, shi ke haɗa kuɗin. Amma ranar da hayaƙi ya tashi ko wani dattijo ya some, ranar ce ake sanin ma'aji.

Saboda haka takardarka ita kaɗai ba za ta kai ka ba. Sai ka yi horon ma'aikacin cikin jirgi, irin wanda ake yi a kwalejin jiragen sama ta Zariya, ka sami lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ka yi shekaru kana aiki kafin a ɗaga ka. Ka kuma fara koyon iyo tun yanzu, domin horon ya haɗa da yadda ake tsira in jirgi ya faɗa ruwa.