Tsofaffin dayis masu tsaga: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Ina da shagon gyaran injin niƙa da injin ban ruwa a Kaduna. Wani dattijo da ya bar sana'a a Panteka ya kawo mini akwatin tsofaffin dayis na yanka zare a jikin rodi don noti ya hau, 'yan Ingila, masu tsaga a gefe, tare da mariƙinsu. Kuɗin da ya sa ya kusa ninka na sabon saiti ɗan China. Ya ce da su zan riƙa yanka zare, da su kuma zan riƙa gwada lafiyar zare. In saya?

Amsa: Malam, Allah ya ba da kasuwa. Kafin ka yi tayi, goge fuskar kowane dayis ka karanta abin da aka buga a kai, don nan kuɗinka yake. In ka ga BSW ko BSF, zaren Ingila ne na dā, tsarin da Joseph Whitworth ya fito da shi a 1841. Kusurwar haƙorinsa digiri 55 ce, alhali zaren milimita da ke jikin galibin injinan da ake shigo da su yau digiri 60 ne. Ba sa shiga juna. Ko na Amurka ma yaudara yake yi: rabin inci na BSW haƙori 12 ne a inci, na UNC, wato na Amurka, 13. Noti zai hau, ya ɗan tafi, sannan ya cije.

To wa ke shigowa shagonka? In har yanzu ana kawo maka tsofaffin injinan Lister 'yan Ingila da makamantansu, akwatin nan zai ci da kai, domin mai irin wannan inji in kusarsa ta karye sai ya gama zaga kasuwa bai samu ba. Kai kuwa ka yanko rodi ka fitar masa da zare nan take, kuma ba zai tsaya dogon ciniki ba. In kuwa aikinka duk zaren milimita ne, irin M8, M10 da M12, ka binne jarinka a akwati kawai. Wanda aka buga wa BSP daban yake, na bututun ruwa ne, kuma har gobe ana aiki da shi.

Tsagar nan ita ce darajarsu. Mariƙin yana da ƙananan kusoshi uku: ta tsakiya mai tsini tana shiga tsagar ta buɗe dayis, biyun gefe su matse shi. Zagayen farko a buɗe ake yi, bayan an ɗan fiƙe bakin rodin an sa mai, ana juyawa gaba ana ɗan komowa baya don ɓarɓashin ya karye. Sai ka gwada noti. In ya yi tauri, ka sassauta ta tsakiya, ka ɗan matse na gefe, ka sake bi. Haka ake samun zaren da noti zai hau ba girgiza. Amma buɗewar kaɗan ce ƙwarai. Yaron shago mai ƙarfin hannu zai raba maka dayis gida biyu.

Maganar gwaji kuwa, ban bi bayan dattijo ba. Dayis yanka yake yi. Ka ɗora shi kan kusar da zarenta bai dace da shi ba, zai ci ƙarfen ya wuce, ka ɗauka ta yi daidai alhali ka ɓata kayan mutane. Don gwaji, nemi ma'aunin haƙori, mai ganyaye kamar ƙananan zarto, da lafiyayyen noti na kowane girma.

Wajen ciniki, ɗaga kowanne a hasken rana. Haƙoran bakin shiga su ne ke aikin, in sun gutsure ko tsatsa ta ci su rami-rami, cire shi daga lissafi. Duba fashewa a gefen da ke daura da tsagar. Ka nemi izinin yanka zare ɗaya a gabansa. Daga nan ƙirga lafiyayyun da za ka yi aiki da su cikin shekara, ka taya a kan su kaɗai. In dattijo ya ce albarka, roƙe shi ya sayar maka da mariƙin da guda uku ko huɗun da ka fi buƙata, ragowar kuɗin ka sayi na milimita masu tambarin HSS, wato ƙarfe mai jure yanka, ɗai-ɗai, maimakon saiti mai arha.