Makauniyar da ta tsara waƙoƙin yabo fiye da 8,000

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina cikin mawaƙan majami'armu a nan Maradi. Ranar Lahadi fasto ya ce wasu waƙoƙin da muke rerawa daga littafi wata makauniya ce 'yar Amurka ta yi su, wai har dubbai. Ni dai abin ya ƙi shiga kaina. Wace ce ita, kuma ta yaya wadda ba ta gani za ta rubuta waƙa dubu? Na tambaya ne don ɗiyar ƙanena ba ta gani, ga shi bakinta ba ya rabuwa da waƙa.

Amsa: 'Yar'uwa, fastonku bai ƙara gishiri ba. Sunanta Fanny Crosby. An haife ta ranar 24 ga Maris, 1820, a wani ƙauye na jihar New York. Tana da mako shida ciwon ido ya kama ta, aka ɗaura mata wani magani mai zafi, daga nan ba ta ƙara gani ba. Kafin ta shekara mahaifinta ya rasu, uwar ta shiga aikatau, riƙo ya koma hannun kaka.

Inda kika yi tuntuɓe shi ne kalmar "rubuta". Fanny ba ta riƙa alƙalami ba, da ƙyar ma take iya sa hannu a takarda. Da ka take aiki. Tun tana yarinya aka ɗora ta a kan hadda, sura biyar ta Littafi Mai Tsarki kowane mako, ana karanta mata tana maimaitawa. Kafin ta kai shekara 15 ta haddace Linjila huɗu, da littattafan Musa biyar, da Karin Magana, da Waƙar Waƙoƙi, da Zabura masu yawa. Mu da muka tashi muna jin tilawar almajirai da asuba bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Kuma muna da namu: Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma ya tsara Imfiraji, wadda har gobe makafi ke rerawa a bakin kasuwa. Wanda ya cika rumbu da damina, da rani ɗiba kawai yake yi.

Yawanci da dare take tsara waƙa, in gida ya yi tsit. Takan riƙe ɗan ƙaramin littafi a hannu, ba don karatu ba, sabo ne kawai. Ta jera baitoci a zuci, ta juya su, ta gyara, ta bar su su kwana. Da safe ta faɗa wa mai rubuta mata. Wani lokaci waƙoƙi da yawa ne ke jibge a kanta suna jiran magatakarda.

Ta shiga makarantar makafi ta New York a 1835, ta zama malama a can, ta bari a 1858 da ta auri Alexander van Alstyne, shi ma makaho, makaɗi. Jaririnsu ɗaya ya rasu, ba ta cika son tayar da zancen ba. Waƙar yabo kuwa sai a 1864 ta kama ta gadan-gadan, tana dab da cika shekara 44, bayan ta haɗu da mai tsara muryoyin waƙa William Bradbury.

A nan ki lura da wani abu da ya bambanta da al'adarmu. Mawaƙin Hausa shi ke da magana, shi ke da karin murya. Su kuwa raba aikin suke yi: Fanny ta kawo baitoci, wani ya kawo murya, ko a fara da murya a nemo mata magana. A 1873 ƙawarta Phoebe Knapp ta kaɗa mata wata sabuwar murya ta tambaye ta me take ji muryar na cewa. Nan take ta ba ta layin farko na "Blessed Assurance". William Doane shi ya ɗora murya a kan "Pass Me Not" da "To God Be the Glory".

Arziki dai ba ta yi da waƙa ba. Kamfanin buga littattafan waƙa na Biglow & Main na biyan ta dala ɗaya zuwa biyu a kan kowace waƙa (dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba), ribar littafin kuma tasu ce. Har sunayen aro kusan 200 aka yi mata, don kada mai saye ya buɗe littafi ya ga suna ɗaya a kowane shafi. Ta zauna a unguwannin talakawa, tana zuwa wa'azi gidajen da ake tara mashaya da marasa wurin kwana. Ta rasu ranar 12 ga Fabrairu, 1915, tana da shekara 94. A kan kabarinta aka rubuta maganar Markus 14:8, cewa ta yi iyakar abin da za ta iya.

In kin tambaye ni, cikin 8,000 ɗin nan da yawa cikon benci ne, an manta da su. Waɗanda suka rayu sun rayu ne don maganarsu mai sauƙi ce, kuma suna da amshi da jama'a ke cafkewa daga ji ɗaya. Mawaƙi Ira Sankey ya yaɗa su a tarurrukan mai wa'azi D. L. Moody a Amurka da Ingila, 'yan mishan kuma suka iso ƙasar Hausa da irin waɗannan littattafai, suka juya su da Hausa. Ƙungiyar mishan ta SIM ta fara aiki a Damagaram a 1924, kafin ta kafu a Tsibiri da Maradi. Sai dai fassarar ta zo da cikas. Hausa na da hawa da saukar murya, da gajeren wasali da dogo, ita kuwa baƙuwar murya ba ruwanta da wannan. Shi ya sa wani lokaci za ki ji ana jan gaɓar da bai kamata a ja ba, kalma ta fito a karkace, alhali waƙoƙin zumuntar mata da aka haifa da Hausa suna zama daram a baki.

Ɗiyarku kuwa, ku sa ta lakkwal, kada a bar ta a zaure. A samu mai karanta mata kullum, ko aya biyar ce, ta maimaita. In ta fara haɗa nata baitocin, ki ɗauke su a waya tun ba ta manta ba, ki kai ta wurin koyon waƙa na ranar Asabar ta ba da baiti ku amsa mata.