Tambaya da Amsa: Tsuntsayen Dausayin Haɗeja da Nguru da Hakkin Manomi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin shinkafa ne a yankin Nguru. Muna jin ana cewa dausayinmu wurin kiyaye tsuntsaye ne da duniya ta san da shi, alhali mu jan-baki na cinye mana amfanin gona, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Mene ne amfanin kiyaye tsuntsaye ga talaka irina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kukanka yana kan hanya, kuma duk wanda ya taɓa ganin garken jan-baki ya sauka a gonar da ta fara nuna ba zai raina shi ba. Sai dai ina roƙon ka bambanta tsuntsun da ke yi maka ɓarna da waɗanda ake maganar kiyayewa, domin asalin matsalarka da tasu guda ne.

Wannan dausayi ya samu ne daga malalar kogin Haɗeja da na Jama'are, waɗanda ke bazuwa a fadamun Jigawa da Yobe kafin su haɗu su zama kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Chadi. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kiyaye dausayoyi wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971, sannan dausayin Baturiya da ke Jigawa ya bi baya a 2008. An ƙidaya nau'in tsuntsaye fiye da 370 a yankin. Akwai 'yan gida irin su ɗinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela, akwai kuma baƙin da ke gudo wa sanyin Turai, su keto hamadar Sahara, su sauka a nan lokacin hunturu, saboda bayan wannan doguwar tafiya kaɗan ne wuraren da ke da ruwa da abinci kamar fadamarku. Tafkin Dagona da ke ƙasar Bade na daga cikin manyan masaukansu.

Abin da waɗannan tsuntsaye ke buƙata shi ne ruwa ya cika da damina, sannan ya janye a hankali da rani, ya bar laka da ƙananan kifaye da ƙwari. Ka lura, Malam, wannan shi ne ainihin abin da kai ma kake buƙata: cikowar ruwa don shinkafa, janyewarsa don noman rani, wurin da kifi zai hayayyafa don masunta, da ɗanyar ciyawa don shanun makiyaya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a jihar Kano, kan kogunan da ke bai wa kogin Haɗeja ruwa, wannan tsari ya rikice. Ambaliyar damina ta ragu, ruwan da ake saki kuma yana gudana har cikin rani a wuraren da a da suke bushewa, kuma irin wannan kwantaccen ruwa shi ne kachala ke so. Da ta yi kauri sai ta toshe magudanai, wasu gonaki su nutse, wasu su rasa ko ɗigo, ita kuma ta zama makwancin jan-baki da ba mai iya kutsawa cikinsa. Agwagin ruwan da ke zuwa daga Turai ba sa amfana da kachala ko kaɗan, domin tana cinye musu sararin ruwan da suke kiwo. Masana tattalin arziki da suka auna lamarin a farkon shekarun 1990 sun gano cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi kawo amfani, idan aka haɗa noma da kamun kifi da itace, fiye da irinsa da aka karkatar zuwa manyan ayyukan ban ruwa na Kano. A ganina ba a bai wa wannan bincike muhimmancin da ya cancanta ba.

Kada kuma a manta da itatuwan bakin ruwa, wato gabaruwa da giyayya da goruba da kanya, waɗanda zalɓe da balbela ke sheƙa a kansu, kuma suke riƙe gaɓar kogi kada ta zaizaye. Saran itace don gawayi da girki yana cin dajin Baturiya, kuma raguwar gauraka, wadda dattawa suka saba gani a fadama, ta samo asali ne daga lalacewar mazauninta da kuma kama ta da ake yi don sayarwa.

Shawarata ita ce ku manoma da masunta da makiyaya ku haɗa murya wuri guda, ku nemi hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa sakin ruwa daidai da lokacin damina, a kuma yashe magudanan da kachala ta toshe kafin saukar ruwan sama. Idan masu kula da tsuntsaye suka zo garinku ƙidaya da hunturu, ku zauna da su ku gabatar musu da wannan buƙata, domin rahotonsu yana isa ofisoshin da ƙorafin manomi ɗaya ba ya isa.