Wai a gidanmu ba a gudu?

Abokin faɗana, saƙonka ya iso. Baffanka ne ya kunna mini shi a waya bayan isha'i, sai da na sa ya maimaita don na zaci kunnena ne. Abu biyu ka tambaya: wai gaskiya ne a zamaninmu saurayin da ya gudu a fagen farauta ko dambe ba a ba shi mata, kuma wai ina layar taurin mahaifina take, tunda ka ji an ce a gidanmu ba a gudu. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Amma da na shiga ɗaki barci bai zo da wuri ba, domin yaron da aka kai Dutse karatu in ya fara cigiyar maganin ƙarfe, to akwai wanda ya nuna masa ƙarfen.

Wanda ya ce maka ba a gudu a gidanmu, ko dai bai san mu ba, ko kuwa maroƙi ne yana neman na goro. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi mai layar da kake nema, maganarsa kullum ita ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ya tashi ya tarar da tsofaffin da suka ga zuwan Nasara da idonsu, kuma daga bakinsu yake ba mu labarin 1903. Turawa sun ci Kano Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. A hanyar dawowa labari ya same su. Alu fa ba rago ba ne, shi ya yi nasara a basasar Kano, kowa ya san shi da yaƙi, amma a wannan karon cikin dare ya rabu da rundunar. Daga baya aka kama shi, aka kai shi Yola, sannan Lakwaja, can ya rasu a 1926. Waziri Ahmadu ya ce shi sai ya gwabza, ya faɗi a Kwatarkwashi. Wambai Abbas kuwa ya juyo da jama'a gida, aka ba shi sarauta. 'Yan gida ɗaya ne, kowa da hanyar da ya bi. Bayan shekara uku, a 1906, Sarkin Haɗeja Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka kashe shi da manyan mutanensa a cikin garinsa, shi ne har gobe ake ce masa Mai Shahada. In mahaifina ya kawo nan sai ya yi shiru, mu kuma yara mu matsa masa ya faɗi wanda ya fi. Bai taɓa faɗa ba. Abin da yakan ce, da babu irin Mai Shahada da ba mu da abin ɗaga kai, da kuma kowa ya mutu a Kwatarkwashi da babu wanda zai dawo da mata da yara ɗakunansu.

Ni dai ban ga yaƙi ba. Abin da na gani da idona farauta ce, kuma guda ɗaya ce ba ta barin raina.

Bazarar 1972 ce, shekarar da motoci suka koma hannun dama. An gama sussuka tuni, rumbuna sun cika, samari ba aikin fari ba na baƙi. Sarkin Dawan garinmu ya aika gayya ƙauyukan da ke kewaye, aka sa rana, aka ce a haɗu a wata fadama ta wajen kogi, gabas da Ringim. Tun asuba gangi ke tashi. Kai ba ka san gangi ba. Kiɗa ne da in ya shiga kunnen saurayi sai ya ji ƙafarsa tana tafiya ba da izininsa ba. Kowa ya ɗaura warki, ga guraye a ƙugu, kambu a damtse, wani da gora, wani da barandami, tsofaffi biyu uku da bindigar toka. Yara kuma, irin 'yan shekara goma zuwa sha biyu, su ke riƙe da igiyar karnuka.

A garinmu akwai wani ɗan tauri da duk yankin ake ji da shi. Ƙato ne baƙi, in ya yi kirari har karnuka sai sun yi tsit. Na ga ya goga wuƙa a cikinsa ta lanƙwashe, wannan ba labari aka ba ni ba. Akwai kuma wani masaƙi, siriri, mai sanyin murya, wanda ko akuya ce ta tsinke da dare sai ya sa sakata. Farauta ba ta wuce shi, amma bai taɓa jifan ko zomo ba. Salkar ruwa yake ɗauka ya tsaya can baya. 'Yan mata har waƙa suka yi masa a dandali, mu ma samari ba mu raga masa ba.

Wajen hantsi aka cinna wa ciyawa wuta ta yamma don namu su fito, haka ake yi. Zomaye da gafiyoyi suka yi ta ɓullowa, ana ta jifa ana ihu. Can sai ga gada. Karen wani ɗan garinmu ya kayar da ita, kafin mai karen ya iso wani daga ƙauyen ƙetare ya sauke mata gora ya ce tasa ce. To a farauta akwai ƙwace, mai ƙarfi yakan karɓe na marar ƙarfi, kuma daga nan ne ake samun gawa. Kan ka ce kwabo an ja daga. Mu nan, su can, gada a tsakiya tana shure-shure. Ɗan taurinmu ya fito ya fara kirari, nasu ma ya fito. Makaɗa kuwa abin nema ya samu, suka ƙara wa gangi wuta. Ni ina sahun gaba da gorata, ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, jikina har tsuma yake.

Babu wanda ya waiwaya. Wa zai waiwaya a ce ya ji tsoro? Ashe guguwa ta taso ta juya wutar da muka cinna da hannunmu, ta zagayo ta kudu, ta shiga gamba mai tsawon mutum. Yaran da ke riƙe da sauran karnuka suna cikin wani kwari tsakanin wutar da ruwa. Mutum ɗaya ne ya gani, shi ne wanda kullum idonsa ke kan hanyar gudu. Ya yi ta ihu, gangi ya danne muryarsa. Sai kawai muka ga masaƙi ya ratso tsakiyar fage a guje, ya wuce ta gaban 'yan tauri biyu masu wuƙa tsirara, ya je ya fizge makaɗin daga hannun mai gangi. Ka san tsayar da kiɗa ana tsakiyar kirari ba ƙaramin cin fuska ba ne, a kan ƙasa da haka an sha fasa kai. Wuri ya yi tsit. Jikinsa na ɓari, bakinsa ya kasa haɗa magana, hannu kawai yake nunawa. Da muka juya, hayaƙi ya riga ya rufe kwarin.

Daga nan fa babu ɗan garinmu babu ɗan ƙetare. Masaƙin ne ya san inda ruwan bai kai ƙugu ba, don tun da safe ya zaga ya duba, kamar yadda ya saba duk inda aka je. Shi ya ja mutane ta nan, muka bi shi a guje, har da kakanka, gora ma ban san inda na yar da ita ba. Aka fito da yara aka ƙirga, babu biyu. Sai ɗan taurin nan ya karɓe salkar masaƙi ya juye a kansa, ya kutsa cikin hayaƙin. Mun ɗauka shi ke nan. Can sai ga shi ya ɓullo da yaro ɗaya a kafaɗa, ɗaya a hammata, gashin kansa ya babbake, fatar bayansa ta saluɓe. Tauri na ƙarfe ne, wuta ba ta san shi ba, kuma shi ma ya san haka kafin ya shiga. Wata uku yana kwance a kan cikinsa. Ɗaya daga cikin yaran nan ɗan ƙauyen da muke shirin sara ne.

Gadar kuwa, wani ya tsamo ta a ƙone. Sarkin Dawa ya sa aka raba, ya aika da cinya guda gidan ɗan tauri, guda gidan masaƙi. Samari suka yi ta gunaguni, wai yaushe mai ɗaukar salka ya fara cin cinya. Tsohon ya ce mana garin da kowa jarumi ne, kufai ne ke jiransa, garin da kowa matsoraci ne kuma, bayi ne. Ya ce shi ya sa rundunar da ta san abin da take yi ba ta raina ɗan baya. Amma ka san halin mutane. Maroƙa suka ƙara wa ɗan tauri kirari, har ya mutu ana faɗin ranar fadama. Masaƙi ko baiti ɗaya bai samu ba, waƙar 'yan mata ma ba a daina ba. Ni a raina ratsa fagen nan da ya yi, yana mai tsoron wuƙa fiye da kowa, bai gaza shiga wutar ba. Wancan ya saba, jikinsa ya san abin. Shi wannan sai da ya taka tsoronsa sannan ya wuce.

Kada ka ce na ce tsoro abin yabo ne. Akwai wanda ba a yafewa, kuma ba a daji ake ganinsa ba. Tsofaffi sun ce tsoro na daji, kunya na gida, amma na ga mazan da ba sa gudun kura, da aka kira su gaban alƙali su faɗi iyakar gonar marayu, mai kuɗi yana zaune yana kallonsu, sai suka ce sun manta. Wannan shi ne ragon da ke kashe gari. Ina yaro kuma na ga 'yan jam'iyyar NEPU, teloli da 'yan koli da malaman allo, ba laya ba guru, ana kama su ana ɗaurewa a kan magana, su fito su maimaita ta. Limamin garinmu na wancan lokaci yakan ja mana hadisin da ke cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Muna samari ba ma son jin wannan, mun fi son gangi.

Abin da ke damuna da naku zamanin, jarumtar ba ta da uba. Ɗan taurin da nake ba ka labari, duk ƙarfinsa, in Sarkin Dawa ya ɗaga sanda sai ya mayar da wuƙa kube. Yana da wanda yake jin kunya. In ɓarayin shanu suka shigo, shi ake tasa, kuma bai taɓa karɓar ko anini a kan haka ba. Yanzu yaro ya sha ƙwaya ya soke ɗan'uwansa a kan waya, ko ɗan siyasa ya ba shi dubu biyu ya je ya tarwatsa taro, abokansa su ce masa namiji. In mota ta faɗi kuma, masu ɗaukar hoto sun fi masu ɗaukar mutane yawa. Ka tuna Majiya a 2024, nan kusa da mu a ƙasar Taura, da tankar mai ta faɗi ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu, Allah ya gafarta musu. Talauci ne ya kai da yawansu, ban zargi kowa ba. Amma na yi ta tunanin a daren nan ina ma an sami mai tsoro guda da za a ji maganarsa.

Laya dai, in ma tana nan, ba a aika irinta a mota, kuma mahaifina ya ce ba a ba wanda ya roƙa. Ka fara gaya mini wanda kuka samu saɓani da shi da abin da ya haɗa ku. Faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa, wanda bai kai ƙarfinka ba kuma abin kunya ne ka yi shi. In ka zo hutun Sallah ma zauna.

Maganar hana mata, wannan a wajen Fulani ta fi ƙarfi, a shaɗi, inda saurayi zai tsaya a zuba masa bulala yana murmushi, in ya motsa ya sha kunya gaban 'yan mata. Mu a nan gori ne kawai da waƙar dandali, iyayen yarinya kuwa rumbu suke kallo da hali. Kakarka tana nan gefe tana sa baki, wai maza ku cika baki da jarumta, ita ta haifi tara a ɗaki ko uhum ba a ji ba, wa ya taɓa yi mata kirari. Ta kuma ce in tuna maka masaƙin nan mata uku ya mutu ya bari, ta ukun ma tana cikin waɗanda suka yi masa waƙa.