Ba A Sanar Da Mu Ba, Me Ya Sa Aka Ƙwace Mana Maki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni kocin wata ƙungiyar matasa ne a jihar Katsina. A gasar unguwanni da muke bugawa mun ci wasanmu na uku da ci biyu da nema, sai abokan karawarmu suka kai ƙorafi cewa ɗan bayanmu mai lamba biyar yana da katin gargaɗi biyu daga wasannin baya, bai kamata ya buga ba. Kwamiti ya ƙwace makin ya ba su. Wallahi babu wanda ya aiko mana da takarda ko ya kira ni a waya. Alƙalin wasa ma ya duba lasisin yaron ya bar shi ya shiga. Yaran nan har kuka suka yi, kuɗin rajistar ma karo-karo muka yi. Laifin wa ne?

AMSA: Wa alaikumus salam Koci. Na tausaya wa yaranka ƙwarai, amma ba zan ɓoye maka ba: a ƙa'idar ƙwallo, ƙungiyar da ta sa ɗan wasa a fili ita ke da alhakin tabbatar da cewa ya cancanci bugawa. Alƙali fuska da hoton lasisi kawai yake dubawa, lissafin katunan wasannin baya ba aikinsa ba ne.

Manya ma abin ya ci su. A watan Nuwamba na 2017 Najeriya ta tashi 1-1 da Aljeriya a birnin Constantine, a wasan neman gurbin Kofin Duniya. Shehu Abdullahi ya buga alhali yana da katin gargaɗi biyu, ɗaya tun wasan Swaziland na 2015, ɗaya a wasan Zambiya a Uyo. FIFA ta ba Aljeriya wasan da ci 3-0, ta kuma ci tarar hukumar ƙwallon Najeriya. Allah ya taimaka mun riga mun sami gurbi. A 2015 kuwa Real Madrid ta sa Denis Cheryshev a wasan Copa del Rey (gasar kofin ƙasar Sifaniya) da Cadiz, alhali yana da dakatarwar da ya ɗauko tun yana zaman aro a Villarreal. Hujjarsu irin taka ce, wai ba a sanar da ɗan wasan ba. Aka kore su daga gasar duk da sun ci 3-1.

Na yi shekaru ina sakataren wata ƙaramar ƙungiya, kuma na taɓa shiga wannan rami. Tun daga ranar na sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, na ja layi da biro, kowane yaro da shafinsa. Da an busa tashi, kafin in sha ruwa nake zuwa teburin kwamiti in gwada abin da na rubuta da takardar alƙali. Wata rana na tarar an rubuta katin mai lamba shida a kan mai lamba tara, saboda fentin lambar ya koɗe a bayan rigar. A nan take aka gyara, alƙalin na tsaye yana kwance igiyar takalminsa. Da an kwana biyu, babu mai saurarona.

Wannan ita ce ƙofar da ta rage maka. Ka nemi kwafin dokokin gasar a rubuce, da takardun alƙalai na wasanninku biyu na farko. Idan katin ɗaya ba na yaronka ba ne, ko dokar ta ce kati uku ke jawo dakatarwa, ko ta ce sai kwamiti ya sanar a rubuce hukuncin zai fara aiki, to kana da hujjar ɗaukaka ƙara. Ka hanzarta, don wa'adin irin wannan ƙorafi gajere ne, kuma sau da yawa akwai kuɗin da ake ajiyewa. Idan babu ko ɗaya daga ciki, ka haƙura da makin nan, kada ka bari magoya baya su je su tare 'yan kwamiti.

Su ma masu shirya gasar ban wanke su ba. Wanda ya karɓi kuɗin rajista daga hannun yaran da ke facin taya da tallan ruwa, me zai hana shi tura sunayen waɗanda aka dakatar a zauren WhatsApp na masu ƙungiyoyi kafin kowane wasa? Ka kawo wannan magana a taronku na gaba, a sa ta cikin doka.

Shi kuma mai lamba biyar, ka kira shi gefe ka gaya masa ba laifinsa ba ne, kai ka rubuta sunansa a takardar wasa. Ka sa shi a wasa na gaba da zarar ya gama zaman dakatarwarsa.