Horon Taimakon Gaggawa da Tafiyar Dogon Hutu

Tambaya: Ina son koyon taimakon gaggawa, amma zan kai iyalina Jos a hutun watan Agusta. Shin in bari sai na dawo?

Amsa: Malam, gara ka koya kafin ka tashi, domin a kan hanya, musamman da damina, aka fi bukatar wannan ilimi. Horon matakin farko yawanci ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu, saboda haka ka tuntuɓi reshen Red Cross na jiharku tun yanzu. Ana iya karanta darussan a waya, amma danna ƙirji sau 30 da hura numfashi sau 2 sai an gwada da hannu a gaban mai koyarwa.