Amsa: Kuɗin dasa haƙori da yadda za a biya

Malam, ka tambayi tsadar dashen haƙori a Bauchi da yadda mutum zai iya biya. Gaskiya akwai tsada, don ƙusar ƙarfen titaniyom ɗin da ake kafawa a ƙashin muƙamuƙi daga waje ake kawo ta, farashinta na bin dala. Kada ka dogara da inshorar lafiya ta gwamnati, wato NHIA, ba ta ɗaukar dashe.

Sauƙin abin, aikin ba rana ɗaya ba ne. Sai ƙusar ta kama ƙashi, wata 3 zuwa 6, kafin a ɗora haƙorin. Ka roƙi likita ya raba maka kuɗin, ka shiga adashi a tsakani. In kana da ciwon suga, ka fara daidaita shi tukuna.